Jinin Bappayo Wanzami

Duk wanda aka haifa a unguwar Matsango cikin shekaru talatin ɗin nan, in ya shafa kansa, to ya sani hannun Bappayo Wanzami ya riga nasa zuwa wurin. Shi ke askin suna, shi ke kaciya, shi ke ƙaho. Ranar Juma'a kuwa layi dattawa ke yi a gindin darbejiyar ƙofar gidansa, kowa da hularsa a gwiwa. Gajere ne kakkaura, ga surutu, ga tsokanar tsiya. In ya kama kan mutum sai ya ba shi labarin kan ubansa, inda yake da tudu da inda yake da kwari. Ba mai mayar masa da magana, don wa zai yi musu da wanda ya ɗora masa aska a maƙogwaro?

Zabirarsa gado ce. Mahaifinsa ya zo da ita Azare daga Bulkachuwa, da ƙahoni bakwai da suka yi baƙi don shan hannu, da dutsen washi, da wata aska mai ƙotar jan ƙarfe. Tun da ma'aikatan lafiya suka fara faɗakarwa a kan cututtukan jini, Bappayo ya koma sabuwar reza ga kowane kai, bai yi gardama ba. Askar nan dai ya naɗe ta a ƙyalle ya ajiye, ta gida ce. Da ita mahaifinsa ya yi masa askin suna, da ita ya yi wa ƙanensa Jabiru, wanda shi ma ya tashi a sana'ar. Da ita kuma Bappayo ya aske kan Ummi, 'yarsa guda da ta rayu cikin huɗun da matarsa Juwairiyya ta haifa. Yakan ce saura kai ɗaya askar ke jira, na jikansa na fari, daga nan ko yau aka kira shi ya amsa.

Yana da shekara arba'in da shida ya kwaso hangum a wani gidan suna. Unguwa ta sha dariya, ƙato da gemu da ciwon yara, kumatu kamar ya cusa mangwaro. Shi ma ya taya su dariyar. Amma ga babba hangum ba ya tsayawa a kumatu. Ciwon ya sauka ya kumbura masa gaba, ya yi kwana goma bai taka ƙasa ba. Daga baya ya miƙe, kowa ya ce ya warke.

A hankali abin ya zo, yadda gara ke cin azara. Shekara ta farko gajiya ce kawai. Ta biyu kafaɗunsa suka zube, tumbi ya fito, gemun da yake taƙama da shi ya fara tsinkewa. Ya daina tsokana. Yakan zauna bayan la'asar ya zuba wa bango ido, in aka tambaye shi me yake tunani ya ce babu. Tsakaninsa da Juwairiyya kuma sai gaisuwa da abinci, ba ta taɓa buɗe baki a kai ba, shi ma kunya ta hana shi. Duk wannan zai iya haɗiyewa. Abin da ya kasa haɗiyewa shi ne hannu. In ya aske kai biyu, na uku sai damtsen ya mutu, yatsu su kama rawa.

Ranar sunan jikar Alhaji Bunu, ɗaya daga dattawan unguwa, rezar ta goce. Ɗan ƙarzane ne bayan kunne, bai kai tsawon farce ba, jinin ma ɗigo biyu. Amma kakar yarinyar ta saka salati, mata suka leƙo, maganar ta zaga unguwa kafin a raba naman suna. Ba wanda ya zage shi, da ma zaginsa aka yi da ya fi masa sauƙi. Sai dai daga ranar, duk wanda ya yi sallama a ƙofar gida sai ya ɗan sunkuyar da kai ya ce, "Malam, ko Jabiru na nan?" Bappayo ya koma mai miƙa sabulu da riƙe kasko. Baƙin cikin da ya shiga a wannan shekarar, Allah kaɗai ya san iyakarsa.

Juwairiyya ce ta gaji. An sha saiwoyi, an sha rubutu, an yi hayaƙi, shiru. Wata safiya ta yafa mayafi ta tsaya a kansa.

"Malam, yau asibiti za mu je. In ka ƙi, ni zan je in faɗa musu komai da bakina, har wanda ba ka so a ji."

Ya tashi.

Likitan da suka samu ba mai gaggawa ba ne. Ya sa aka ɗebi jininsa sau biyu, duk da sassafe, sannan ya zaunar da su. Ya ce akwai wani sinadari da jikin namiji ke yi, sunansa testostiron, shi ke riƙe tsoka da ƙashi da gashi da kuzari, kuma hangum ya lalata inda ake yin sa. Akwai allura, duk bayan mako uku.

"Amma Baba, ka saurare ni da kyau," in ji likitan. "Allurar nan tana sa jiki ya yi ta ƙera jini. In aka bar shi sai ya yi kauri, ya riƙa tafiya da ƙyar, yana iya daskarewa a jijiyar kai ko ta zuciya. Duk wata uku za ka zo mu auna. In awon ya wuce hamsin da huɗu za mu dakatar da allura, mu zuƙe maka leda guda."

Bappayo ya yi murmushin da ya daɗe bai yi ba.

"Likita, ni za ka gaya wa jini? Tun ba a haife ka ba nake fitar da shi."

Suka yi dariya su duka uku, har da Juwairiyya.

Allura ta karɓe shi. Cikin wata biyu ya fara cinye tuwon da aka zuba masa yana neman ƙari. Kafaɗu suka dawo, gemu ya cika, murya ta buɗe. Ƙuraje suka feso masa a goshi da gadon baya, Jabiru ya samu abin tsokana, wai Yaya ya sake balaga, a nemo masa ɗan madubi. Bappayo ya riƙa gumi ko da sanyi, ga saurin fushi da ba a san shi da shi ba, ga minsharin da ya kori kajin Juwairiyya daga bakin ɗaki. Ba wanda ya damu. Hannu ya tsaya cak, wannan shi ne magana. Wata Juma'a ya aske kai goma sha ɗaya a jere, Alhaji Bunu da kansa ya zauna a na goma sha biyu. Da ya shiga gida ranar, Juwairiyya ta gan shi yana share ido da bakin riga, ta yi kamar ba ta gani ba.

Awo na farko arba'in da bakwai. Na biyu hamsin. Na uku hamsin da biyu, likita ya rage yawan allurar, ya ce ya riƙa shan ruwa sosai. Bappayo kuwa duk lokacin da lamba ta hau sai ya fito yana washe baki kamar ɗalibin da ya ci jarrabawa.

Kada a yi saurin ganin wautarsa. A nan ƙasarmu ta Guddiri ciwon da muka sani shi ne ƙarancin jini. Mace ta haihu, a ce a nemo jini. Yaro ya yi zazzaɓi, a ce jininsa ya ƙone. Zogale da hanta da zoɓo duk don ƙarin jini ake ɗura mana su tun muna ƙanana. In mutum ya yi kyau cewa ake ya yi jini. Wa ya taɓa jin an je yi wa wani jaje don jininsa ya yi yawa? Idanun Bappayo sun kaɗa, tafin hannunsa ya yi ja wur, mutane kuwa suna cewa masha Allah, Malam jiki ya dawo.

A cikin haka Ummi, wadda ke aure a Sakwa, ta dawo gida goyon ciki. Cikin fari ne, wata bakwai. Ranar da ta iso Bappayo ya kwance ƙyallen nan, ya fito da askar mahaifinsa, ya zauna yana goga ta a dutse alhali saura wata biyu. Ummi ta ce, "Baba, in ka cinye ta da washi da me za a yi askin?" Ya ce ta bar shi, ita ba ta san daɗin abin ba.

Mako guda bayan haka awo na huɗu ya fito. Hamsin da shida. Likita bai yi dariya ba wannan karon. Ya ɗauko siririyar kwalbar awo, ba ta fi tsinken tsintsiya kauri ba, ya ɗaga ta a hasken taga. Ja ya cinye fiye da rabi, ruwan da ke sama ɗan kaɗan.

"Ka gani, Baba? Jininka ya zama kamar kunun da ya kwana. Yau za mu cire leda guda, allura kuma mu dakata, sai ya sauko."

"Har yaushe?"

"Wata biyu, ko uku. Jikin ne zai faɗa mana."

"In an dakata, hannun fa?"

Likitan bai yi masa ƙarya ba. Ya ce mai yiwuwa kasalar ta ɗan dawo kafin a ci gaba, amma kasala ana tashi daga ita.

Wata biyu. Bappayo ya lissafa, ya ga ranar suna tsaye a tsakiyar lissafin. Ya ga kansa riƙe da kasko, Jabiru riƙe da askar mahaifinsu a kan jikansa. Ya ce wa likita bai karya ba, zai je ya ci abinci ya dawo. Ya fita ta ƙofar baya, ya hau ɗan acaɓa. Hausawa sun ce wanzami ba ya son jarfa, kuma ba su yi ƙarya ba.

A hanya dabara ta zo masa, ta kuma yi masa kyau ƙwarai. Me likita ya ce? Jini ya yi yawa, a rage. To mene ne aikin gidansu tun kaka da kakanni? Ga ƙaho bakwai a zabira. Zai ci gaba da allura, Jabiru ya riƙa rage jinin, bayan suna ya koma asibiti ya ba da haƙuri. Ya ga ya jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya.

Ya biya kemis ɗin Azuka, inda ya saba karɓar allurar. Azuka ya fi shekara ashirin a Azare, 'ya'yansa maza duk Bappayo ne ya yi musu kaciya. Ya duba takardar, ya girgiza kai.

"Malam, wannan ta ƙare. Ina sabuwa? Ina takardar awo?"

"Haba Azuka, ni da kai?"

"Don ni da kai ne na hana. Dubi idonka. Koma wurin likita."

Bappayo ya fita da fushi, irin sabon fushin nan nasa. Akwai wani shago kusa da tasha da ba a tambayar takarda, can ya samu, can kuma aka yi masa. A gida ya ce wa Juwairiyya awo ya yi kyau, likita ya ce a ɗan rage jini kawai, kuma Jabiru zai yi. Rabin gaskiya ce, ita ta sa maganar ta shiga.

Jabiru bai yi musu ba. Me zai sa? Yayansa ne, malaminsa ne, kuma aikin nasu ne. Ran sha bakwai ga wata suka zauna a zaure da hantsi. Jabiru ya kafa ƙaho biyu a ƙeya, huɗu a gadon baya, ya tsaga, ya zuƙa, ya toshe da kaki. Ya cire na farko ya juye a kasko. Jinin baƙi ƙirin, bai gudana ba, ya faɗo dunƙule guda kamar hanta.

"Yaya, ban taɓa ganin irin wannan ba."

Bappayo ya leƙa, fuskarsa ta cika da murna.

"Ka gani? Mataccen ne yake fita. Wannan asibiti za su iya zaɓo shi? Su mai kyau da marar kyau suke haɗawa su zuƙe. Ƙara kafawa."

Suka maimaita ran sha tara, suka maimaita ran ashirin da ɗaya, watan gaba ma haka. Abin da ƙaho shida ke fitarwa bai wuce 'yan cokula ba, daga fata yake tsotsowa. Allura kuwa tana can cikin ɓargo tana aikinta ba dare ba rana. Ciwon kai ya fara, mai nauyi, daga ƙeya. Kunnuwansa suka riƙa ƙara. Sau biyu yana cikin aski ya ga bishiyar darbejiya ta rabu biyu sannan ta haɗe. Duk wanda ya zo cikin waɗannan sai ya ce jini ne ya taru, a ƙara ƙaho. Bayansa ya cika da tsaga har Jabiru ya rasa inda zai kafa.

Juwairiyya ta fara zargi. Ta ce rabon da ta ga takardar asibiti tun zuwan Ummi. Ya daka mata tsawar da bai taɓa yi ba cikin shekara ashirin da takwas, Ummi na jin su daga ɗaki. Da yamma ya dawo ya zauna kusa da ita a kan tabarma, ya ce, "Juwaira, ki bar ni in aske kan yaron nan. Washegari ki kai ni duk inda kike so." Ta bar shi, kuma barin nan har yau ba ta yafe wa kanta shi ba.

Ummi ta haihu ranar Talata, namiji, da gashi baƙi cunkus kamar an shafa masa mai. Bappayo ya ɗauke shi ya juya kan a tafinsa, ya ce irin kan mahaifinsa ne sak, tudun ma a wuri ɗaya.

Ranar suna aka dawo daga masallaci, aka raɗa wa yaro Najmuddeen, aka yanka rago. Baƙi daga Sakwa sun cika zaure. Bappayo ya sa farar riga, ya tafasa askar, ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Ya ɗauko fatar washi don gugar ƙarshe kafin a miƙo jaririn. Sau uku ya ja, a na huɗu askar ta faɗi ƙasa. Ya kai hannu zai ɗauka, hannun bai tafi ba. Ya dube shi kamar hannun wani. Ya buɗe baki zai kira Jabiru, abin da ya fito ba suna ba ne. Sai ya kife ta gefen dama, a hankali, a kan tabarmar.

A asibiti aka ce jini ya daskare a wata jijiya a kansa. Awo ya nuna sittin da ɗaya. Aka kawo ledar nan da ya guje wa, aka soka allura a hannun hagu, jinin ya riƙa sauka da ƙyar. Jabiru na tsaye a gindin gado yana kallon ledar tana kumbura. Ya auna ta da ido, aikinsa ne, ya san abin da ƙaho ke ɗauka. Duk abin da ya fitar cikin wata biyu bai kai rabinta ba. Ya fita baranda ya dafa ƙarfe, ƙato mai shekara arba'in da biyar yana kuka kamar maraya. Likitan ya same shi a wurin, bai ce masa komai a kan laifi ba, ya ce kawai a gode wa Allah da askar ba ta kan jaririn.

Bappayo ya rayu. Bayan kwana ashirin aka maido shi gida, ƙafa tana ja, baki ya karkace, magana ɗaya-ɗaya. Hannun dama kuwa ya tafi, sai dai a ɗauke shi a ɗora masa a cinya.

Ba a yi wa Najmuddeen aski ba. Ranar suna ba wanda ya tuna, daga baya kuma Ummi ta hana. Dangin mijinta suka aiko, tsofaffi suka yi magana, wai ba a barin yaro da gashin ciki. Ta ce Babanta zai warke, shi zai yi. Kullum da safe takan zauna ta murza masa yatsun da man zafi, ta ce, "Baba, motsa ko ɗaya." Arba'in ta wuce ba ta koma Sakwa ba. Gashin yaron ya sauko har kunne. Jabiru kuwa ya daina shiga cikin gidan, daga zaure yake gaisuwa ya juya, ƙahonin ma ya tura su ƙarƙashin gado.

Bappayo yana ganin duk wannan. Bakinsa ne ya mutu, hankalinsa na nan. Yana ganin 'yarsa ta bar ɗakinta tana jiran abin da ba zai zo ba, yana ganin ƙanensa ya ɗauki laifin da ba nasa ba. Wata Juma'a da safe ya daki tabarma da hannun hagu har Juwairiyya ta fito. Ya daɗe yana kokawa da harshensa.

"Ja... biru. Aska."

Aka kira Jabiru. Ya tsaya daga nesa, kansa a ƙasa.

"Yaya, ba zan iya ba. Da hannun nan na..."

"Ni... na ce," in ji Bappayo. Ya nuna ƙirjinsa, ya sake nunawa, don a gane ba askin kaɗai yake nufi ba, har da ƙahon.

Ummi ta kawo yaron tana hawaye, ta kwantar da shi a cinyar kakansa. Bappayo ya tallafi ɗan kan da tafin hagu, ya juya shi daidai yadda ake juyawa, ya nuna wa Jabiru tudun da ido don ya bi a hankali. Jabiru ya durƙusa, ya yi bismillah, ya shafa ruwan sabulu, ya ɗora askar mahaifinsu. Ba wanda ya yi guɗa. Yaron ma bai yi kuka ba, barcinsa yake.

Gashin ya riƙa zubowa, laushi-laushi, yana taruwa a kan hannun daman da ke ajiye a cinya, har ya rufe yatsun. Bappayo yana kallo. Ya jira ya ji ko da ɗan taɓi ne, bai ji komai ba. Da aka gama Juwairiyya ta zo za ta kakkaɓe, ya girgiza kai, ya ce a bar shi tukuna.